Tambaya ta Bakwai

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Bismillahi. Wanda ya ci karo da littafin nan wata rana, cikin 'ya'yana ne ko wani, ya yi mini afuwa. Ba don in dami kowa nake rubutawa ba. Abu ne ya tsaya mini a rai, ni kuma ban iya magana a taro ba.

Yau lis ya fito. Gida ɗari da hamsin ƙungiyarmu za ta ba abincin wata uku cikin 'yan gudun hijirar da suka shigo Kontagora daga ƙasar Mariga. Masara, wake da manja. Ni da abokiyar aikina Murja muka zaga da fom gida-gida, kwamfuta ta tara maki ta jera sunaye. A yankina akwai kangon bayan kara, wato kasuwar shanu, inda Fulanin da aka kora daga rugagen wajen Kasuwan Garba suka tare. Gida goma sha takwas na cike wa fom a can. Na bi lis da yatsa sau uku. Babu ko ɗaya.

Har Ruka babu. Ruka da aka kashe mijinta Jumare ranar da aka kore shanunsu, wadda rabin rufin ɗakinta leda ne. Tana ta ɗari da hamsin da huɗu. An ja layi a samanta.

Malam Mahfuz, shugaban ofishinmu, ya ce duk wanda ya cike fom ya sa hannu a shafin ƙarshe kafin Juma'a 26 ga wata, ranar da za a tura babban ofishinmu na Minna. In babu hannunmu mu biyu, ba a sakin kaya. Na ce zan duba tukuna. Ya ce me za a duba, Malama, ai kwamfuta ba ta da dangi.

Na tattara takarduna na fito, kamar kullum.

Talata, 9 ga Yuli

Na ɗauko fom ɗin kango na shimfiɗa a tebur. Ban sha wahalar nema ba. Tambaya ta bakwai ce, wadda ta fi kowace maki: a cikin kwana bakwai da suka wuce, akwai ranar da kuka kwana ba ku ci abinci ba?

Gida goma sha takwas, A'a goma sha takwas. Da rubutuna.

Ina tuna na Ruka. Da na karanta mata, ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi, ta ce alhamdu lillahi, Malama, jam, wato lafiya lau da Fulatanci. Na sake tambaya, ta ce sun gode Allah. Na sa A'a na wuce ta takwas, don rana ta yi kuma akwai saura.

Mutanen Bangi da na kasuwa kuwa, kafin ki gama tambaya sun ce eh, wata ma ta ja hannunki ta buɗe miki tukunya ki gani. Ba ƙarya suka yi ba. Yunwar ɗaya ce. Wasu suna iya faɗa, wasu an raine su a kan faɗar ta fi yunwar ciwo.

Laraba, 10 ga Yuli

Na shiga wajen Malam Mahfuz da safe. Ba mugu ba ne, kada in zalunce shi a littafina. Ya ba ni kujera, ya saurara har na gama. Sai ya ce adalci shi ne a yi wa kowa tambaya ɗaya da kalmomi ɗaya. In yau aka sauya don Fulani, gobe Kambari za su zo, jibi Dukawa, gata a ce ofishin Kontagora na son kai, Minna ta kwashe kayan ta kai wani gari.

Na ce Bafulatana ba ta cewa tana jin yunwa, ko a gaban uwar da ta haife ta, balle baƙuwa mai biro. Ya ce ya sani, amma fom ba shi da gurbin wannan. Na ce to fom ne bai cika ba. A hankali na faɗa, ban tabbata ma ya ji ba.

Da na fito Murja na baranda tana cin dafaffiyar gyaɗa. Ta matsa mini.

"Yaya, kin fiye wahalar da kanki. Ɗauko biro ki mai da A'a ta zama Eh. Wa zai sani?"

Na ce Allah.

Ta ce, "Shi ai ya riga ya san suna jin yunwar."

Na yi dariya ban shirya ba, kuma maganar ta bi ni har gida. Amma ba zan yi ba. Ba zan sa wa mace maganar da ba ta fito daga bakinta ba. In ma na yi, baɗi wata ce za ta zo da fom ɗin nan, ta yi tambayar nan, ta sami amsar nan.

Kafin in tashi Murja ta rage murya ta ce, bayan haka ma, ba 'yan'uwansu ne suka kore su ba? Kawunta ya yi kwana arba'in a daji a hannun 'yan bindiga, tun da ya dawo bai sake zama daidai ba. Shi ya sa ban ce komai ba. Ya kamata in ce wani abu. Jumare ba a kan gadonsa ya mutu ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ruwa tun asuba har azahar. Ban sa hannu ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Na je kango ba fom, ba rigar ofis. Sabulu kawai na riƙa.

Ruka ta shimfiɗa mini buhu, tana ta ba ni haƙuri wai babu nonon da za ta tarbe ni da shi. Ita ke ba ni haƙuri. Muka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi ruwa. Na ce bari in ga inda take girki ko ledar ta tsare shi. Duwatsu uku ne a gefen bango. Tokar ta daskare, ga tabon ɗigon ruwan sama a kanta ɗaya-ɗaya. Rabonmu da ruwa tun Alhamis. Na sa yatsa, sanyi ƙalau.

Na ce ba a hura wuta ba ne? Ta ce itace ne ya jiƙe. Ga itacen can ƙarƙashin leda, busasshe.

Inna Salihatu, tsohuwar ɗakin da ke kusa, ita ta raka ni bakin hanya. Na tambaye ta gidanta, ta ce jam. Ban san abin da ya sa ba na ce, Inna, Ruka fa? Sai ta tsaya cak, ta waiga, ta ce yarinyar nan rabonta da ɗora tukunya tun Laraba. Dusar da masu kara ke zubarwa yaranta ke sharowa, ta jiƙa musu da gishiri. Ta ce matar da ke tatsar shanu talatin, yau 'ya'yanta ke cin abincin shanu. Ta yi ta faɗa ba ta ko numfashi.

Na ce na manta jakata, na koma. Ban manta ba, Allah ya yafe mini wannan. Na ce wa Ruka, Inna Salihatu fa, ya take? Ita ma ta buɗe baki. Tsohuwar kullum cewa take azumi take yi, alhali ba azumi ba ne, ɗan abin da ta samu jikokinta take ba.

Ashe haka ne. Ba mai faɗar nata, amma kowace za ta yi wa maƙwabciyarta shaida. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, sai yau.

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa akwai mabuƙacin da kamun kai ke ɓoye shi, mai gaggawa ya ɗauka mawadaci ne. Na haddace, na wanke allo, na zo na sa A'a sau goma sha takwas.

Litinin, 15 ga Yuli

Azumin Tasu'a. Na kai wa Malam Mahfuz shawara a rubuce: a bar tambaya ta bakwai yadda take, amma a ƙara tambayar maƙwabta biyu, kuma mai fom ya duba murhu da idonsa. Ga kowa, ba Fulani kaɗai ba. Ya karanta ya ce shawara ce mai kyau, za a duba a zagaye na gaba. Na ce zagaye na gaba bayan kaka ne, lokacin kowa ya sami abin kaiwa baki. Ya ce Malama Mardiyya, ba ni na rubuta fom ba.

Murja ta sa hannu yau. Ta ce kada in ji haushi. Ban ji ba.

Talata, 16 ga Yuli

Jiya cika-ciki. Na fito da wutsiyar ragon layya da na adana, na yi miyar kuka da tuwo mai yawa. Malam, maigidana, ya ga ina cika kula biyu, bai tambaya ba, sai ya ce in dawo kafin a sha ruwa.

Ruka ta ce ita ta ƙoshi, amma za ta karɓa don yara. Wata yarinya doguwa, za ta kai sha uku, ta zo ta ɗauki kular. Ruka ta kau da kai kamar ba ta ga mutum ba. Na taɓa ganin yarinyar ranar cike fom, na ɗauka 'yar maƙwabta ce, don ko sau ɗaya Ruka ba ta kalle ta ba. Na ce wannan 'yar waye? Inna Salihatu ta yi dariya har da tafa cinya, ta ce Shatu ce, 'yar farinta, ke kuwa Malama a ina kika girma?

'Ya'ya huɗu na rubuta mata. Biyar ne. Na ce ta lissafo mini su, ta fara daga na biyu.

A ina na girma. Ni 'yar fari ce. Innata ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Mardiyya ba. In an tambaye ta 'ya'yanta, daga ƙanena take farawa, ni kuwa sai dai "waccan". Ban taɓa jin zafi ba, na san yadda take leƙo ni in tana zaton barci nake. Ni da na tashi a haka, na riƙe fom na manta da uwata.

Wannan ba laifin kwamfuta ba ne, ba na Minna ba. Nawa ne.

Laraba, 17 ga Yuli

Na bi ɗakunan kango duka na sake ƙirga yara, ina tambayar maƙwabta sunan na fari. Gida goma sha huɗu an tsallake ɗan fari. Na rubuta, na sa a sama cewa kuskurena ne, na ajiye a teburin Malam Mahfuz. Ba ya nan.

Ƙafata ta kumbura.

Juma'a, 19 ga Yuli

Ina yankan kuɓewa aka yi sallama. Kulu ce, mutuniyar Bangi, wadda take tuyar waina a kasuwarsu kafin su gudo. Mijinta ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke juya shi. Ni na cike mata fom, kuma sunanta na cikin lis.

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Malama, an ce hannunki ne ke ciwo, ba ya riƙe biro. Na ce bari in zo dubiya."

Na ce ta zauna ta sha ruwa. Ta ce ruwa kam sun ƙoshi da shi, ta rufi ma yake shigo musu. Labari ya kai musu cewa da na sa hannu da tuni an saki kaya, wata Malama ce ta riƙe abincin gida ɗari da hamsin saboda Fulaninta. Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurara hannu a ƙugu.

"Kin tambaye ni, na gaya miki gaskiya. Laifi na yi? Su da suka zaɓi kunya, su dafa ta su ci."

Na zuba mata kuɓewa da garin masara a leda, ta karɓa, ta ce Allah ya ba hannun lafiya kafin Juma'a.

Ita ce ta ɗari da hamsin, ta ƙarshe a saman layi. In mutum ɗaya ya hau, ita za ta sauka. Ba ta sani ba. Ni na sani, kuma na bar ta ta fita ban faɗa ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Malam ya ce shekara ashirin da shida bai taɓa jin na yi faɗa ko da kaza ba, yanzu kuma an ce ina rigima da ofis guda. A masallaci aka tare shi da maganar. Na ce ba rigima nake ba, hannu ne ban sa ba.

Na tambaye shi, mutum zai iya sa hannu a kan shaidar da ya san ba haka take ba? Ya shafa gemu, ya ce kin san amsa kike tambayata, so kike in raba nauyin da ke. Na ce eh. Ya ce to ya ɗauki rabi, amma in tuna masu jiran buhu su ma bayin Allah ne.

Kamar na manta.

Litinin, 22 ga Yuli

Malam Mahfuz ya ce zan ja a rufe ofis. Na ce ya zo kango ya gani da idonsa, in ya gani ya ce ba komai, sai mu sake magana. Ya ce Laraba, don a wuce wurin.

Laraba, 24 ga Yuli

Malam Mahfuz ya zo da takalmi sau-ciki, taɓo ya cinye shi tun daga bakin kara. Ya yi sallama da ladabi, ya tsuguna nesa da Ruka, ya yi mata ta'aziyyar mijinta. Sannan ya karanta tambaya ta bakwai da kansa, a hankali, har sau biyu. Ya ce kada ta ji kunya, taimako ne.

Ta ce alhamdu lillahi, jam.

Ya juyo ya kalle ni, wato kin gani.

Sai na ce, Ruka, Inna Salihatu ta ci abinci jiya? Ta saci kallon baƙon, sannan ta ce a'a, shekaranjiya ma a'a. Na juya na ce, Inna, Ruka fa? Tsohuwa ta zayyane komai, dusa da gishiri, har da yadda ƙaramin ke kuka ta ba shi nonon da ba ruwa. Ta shiga ta ɗauko kwanon dusar ta dire a gabansa.

A gaban Ruka aka yi. Ban yi tunanin wannan ba, hankalina na kan in ci gardama. Ta tashi ta shige bayan leda. Har muka tafi ba ta fito ba. Na yi sallama sau biyu, Shatu ce ta amsa.

Na tona mata asiri a gaban namiji baƙo don in nema mata buhu. Ko ta yafe ko ba ta yafe ba, na yi.

A mota, da muka kusa ofis, ya ce yawan 'ya'ya zai gyara, wannan kuskuren shigarwa ne, doka ta yarda. Tambaya ta bakwai kuwa ba zai taɓa ba, abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi ake rubutawa. Na ga yana ta goge hannunsa da hankici, ya taɓa dusar.

Alhamis, 25 ga Yuli

An gyara, kwamfuta ta sake jeri. Duk sun ɗan hau, amma Ruka kaɗai ta tsallake layi, saboda takaba da yara biyar. Ta ɗari da arba'in da bakwai.

Kulu ta ɗari da hamsin da ɗaya.

Malam Mahfuz ya turo mini takardar ya ce ga Rukarki ta shiga, saura hannu. Na ce ba tawa ba ce, kuma saura sha bakwai. Ya ce gobe ƙarfe uku ake rufewa. In ban sa ba, Ruka ba ta samu, sauran ɗari da arba'in da tara ba su samu.

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ɓata mini rai ke nan.

Juma'a, 26 ga Yuli

Na sa hannu.

A ƙarƙashin hannun na rubuta cewa na sa ne don kada abinci ya makara, amma ina shaida cewa tambaya ta bakwai ta fitar da gidajen da suka fi kowa yunwa, saboda al'adarsu ta hana su faɗa. Na jera sunaye goma sha bakwai, ƙanana-ƙanana, har gefen takarda.

Malam Mahfuz ya karanta, fuskarsa ta sauya. Ya ce ba a rubutu a shafin sa hannu, ba zai tura wannan ba. Ya sa aka buga sabon shafi ya ajiye mini. Na ɗauki biro na fara rubuta abin da na rubuta a na farko. Ya dafe takardar.

Na ce, "Yallaɓai, ka buga goma, a kan goma zan rubuta. Hannuna ne, ba ya tafiya Minna shi kaɗai ba da abin da ya gani ba."

Ya ce ni ba shugaba ba ce a nan. Na ce na sani, ni shaida ce. Na ƙara wasu maganganu, ban riƙe su duka ba. Na san dai na ce yaran da ke cin dusa ba za su jira bayan kaka ba.

Uku saura kwata ya tura na farkon, da rubutun da komai, don lokaci ya ƙure. Sannan ya ce daga Litinin na bar fita unguwa, na koma sito.

Na ce to.

Asabar, 27 ga Yuli

Na je wajen Kulu da kaina, kafin ta gani a bango. Tana wanke wa mijinta baki. Na tsuguna na faɗa mata ba kwana-kwana: an gyara kuskuren da na yi, wata ta hau, ita ta sauka.

Na shirya wa zagi. Ba ta zage ni ba. Ta tambaya wace ce. Na ce mai takaba ce, 'ya'ya biyar. Ta matse tsumman, ta shanya a bakin bokiti, ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Da na sani ni ma da na ce alhamdu lillahi. Ko ba komai da na fita da mutuncina."

Na ce ba zan bar maganarta ba. Ta ce in bari kawai, kowa ya riƙe maganarta sauka take yi. Ba ta raka ni ba.

Litinin, 29 ga Yuli

Sito. Warin manja da ƙwarin wake. Na share, na jera, na sa an ɗaga buhuna daga ƙasa saboda danshi. Ba wanda ya ce in yi.

Talata, 30 ga Yuli

Rabo. Daga ƙofar sito nake miƙa kaya. Ruka ta zo can wajen ƙarshe, ta dangwala yatsa, Shatu ta taya ta ɗora buhu. Na gaishe ta. Ta amsa tana kallon ƙasa, amsar da ake yi wa wanda ba a sani ba.

Da yamma na haɗu da Inna Salihatu a bakin kara. Ta ce Ruka na isa ta kwance buhun, ta auna da kwano, ta raba ɗaki goma sha takwas daidai wa daida, nata bai fi na kowa ba. Abincin wata uku ba zai kai Lahadi ba. Na ce me ya sa ba ta hana ta ba. Tsohuwa ta kalle ni kamar na yi saɓo, ta ce ta ci ita kaɗai hayaƙinta na shiga ɗakin mutane?

Laraba, 31 ga Yuli

Shiru daga Minna. Malam Mahfuz ya ce kada in sa rai, shafin ƙarshe ba mai karantawa.

Da hantsi Murja ta shigo sito wai neman tsintsiya. Ta ajiye mini takarda a kan buhu. Sunaye uku ne daga yankinta, tsofaffi mata Kambari, su ma A'a suka ce, ita ma ta san ba haka ba ne. Ta ce kada in ce ita ta ba ni. Tana fita ta juyo ta ce ranar Juma'a har maigadi ya ji muryata daga bakin get, ya ɗauka wata baƙuwa ce ta shigo. Ban yarda ba. Murja akwai ƙari.

Bayan la'asar na zauna da carbi in nemi gafarar abin da na yi a watan nan. Na nema a kan Ruka. Na nema a kan Kulu, da jakar da na ce na manta. Da na zo kan ɗaga wa shugaba murya, sai na ga yatsana ya tsaya. Na jira nadamar ta zo, ba ta zo ba. Wataƙila gajiya ce. Gobe na sake gwadawa.

Wasiƙar da na rubuta wa babban ofis kam na riga na ba direban Minna a tasha tun azahar, ya ce zai kai ta ofis hannu da hannu. Ban nuna wa Malam Mahfuz ba. Maigidana ma sai da mota ta tashi na gaya masa. Sunaye ashirin da ɗaya: sha bakwai na kango, uku na Murja, da Kulu. Na sa cikakken sunana da lambar wayata. Bari in kwafe ƙarshenta a nan, don in an tambaye ni kada in sauya ko kalma:

"Ba na neman a cire kowa. Ina neman a ƙara waɗannan, kuma a gyara yadda muke tambaya kafin a sake aika wani da fom ɗin nan. In an ce in zo Minna in yi bayani, zan zo. Masarar da ke kangon bayan kara za ta ƙare ranar Lahadi. Ina roƙon a ba ni amsa da wuri."